Ina neman kufan garin kakana da ruwan Kainji ya cinye

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Taimako nake nema. Mahaifina ya haura shekara 70, kuma tun azumin bara ba ya da zance sai na garin da aka haife shi a ƙasar Yauri, bakin Kwara. A gida Tunga kawai ake ce wa garin. Yana yaro aka tashe su a 1968, da aka tare ruwa a Kainji, kakana bai zauna a sabon matsugunin ba, ya kwaso su zuwa Zariya. Kwanan baya muna gyaran adakar ƙanen kakana muka ga ambulan ɗaya, ya yi ja don tsufa. Wasiƙar ciki da ajami take, adireshin da boko, da kan sarki na taro. Hatimin da aka buga a kai yana nuna TUNGA, sauran haruffan sun dushe, sai 62 a ƙasa. Baba ya ce lallai an yi gidan waya a garinsu amma bai daɗe ba. Ta ina zan fara in gano cikakken sunan garin, da inda yake, da lokacin da aka buɗe gidan wayar aka rufe? Ina so in kai shi ko bakin ruwan ne ya gani da idonsa.

Ɗan Yelwa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ɗan uwa, ka san Tunga a ƙasarmu ba ta ƙirguwa, kowa ya sari daji ko ya kafa sansanin su sai a ce Tungan wane. Sai ka samo sunan da ke biye. Ka tambayi Baba wane hakimi suke bi, wace kasuwa suke ci, ranar me take ci, kuma in za su Yelwa a jirgi ruwa suke bi ko gaba da shi suke yi. Ka tambaye shi ko a tsibiri suke kamar Gungawa ko a gaɓa. Waɗannan kaɗai za su rage maka rabin aiki.

Tsohon ma'aikacin gidan waya: Ɗana, na yi aiki tun ana ce mana P&T, wato ma'aikatar gidan waya da tarho, kafin a raba mu a 1985 a yi NIPOST da NITEL. Abin da babanka ya tuna, ina kyautata zaton ba cikakken gidan waya ba ne, wakilci ne. A ƙauye ba a gina ofis a kawo ma'aikaci. Wani amintacce ake samu, mai kanti ko malamin makaranta ko akawun En'e, a ba shi hatimi da kan sarki da jaka, ya riƙa sayarwa yana karɓar wasiƙu, ana ba shi ɗan alawus. Babban ofishi na kusa shi ke duba littafinsa. In ciniki bai kai ba, ko wakilin ya rasu, ko lissafi ya ƙi daidaita, sai a karɓe hatimin, shi ke nan an rufe. Shi ya sa za ka ga wani wakilcin shekara biyu ko uku kacal ya yi, kuma ba za ka sami gini ba ko da ruwa bai ci garin ba, don a zauren mutum yake.

Hatimin nan shi ne babbar shaidarka, domin inda aka jefa wasiƙa nan ake buga shi. Kada ka goge shi, kada ka sa masa ruwa, kada ka yarda a manne shi da leda mai zafi. Ka ɗauki hotonsa da safe a bakin taga, haske na zuwa daga gefe, wani lokaci shatin harafin da ya dushe yakan fito. Ka juya bayan ambulan ɗin ma, akan sami hatimin ofishin da wasiƙar ta ratsa. Sannan buɗewa da rufewa akan sanar da su a takardun hukuma, ka nemi rahoton shekara-shekara na P&T daga 1958 zuwa 1968.

Ɗalibar tarihi, Kaduna: Baba na gidan waya ya gama magana kan hatimi. Ni ta takardu zan ƙara. Ka zo gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna, ka biya Arewa House ma. Amma ka san lardin da za ka nema. A lokacin Yauri tana lardin Sakkwato, Borgu da tsohuwar Bussa suna lardin Ilori, kafin 1924 kuwa duka biyun lardin Kontagora suke. Kada ka je kana cewa jihar Kebbi, sai 1991 aka yi ta. Rahotannin ƙididdigar haraji su ne zinariya, don Turawa sukan jera ƙauyukan gunduma ɗaya bayan ɗaya da yawan masu biya. Ka yi haƙuri da rubutunsu, suna ɗaya sai ka gan shi iri uku, Bussa ma akwai inda suka rubuta Boussa.

Masu tara tsofaffin kan sarki a Ingila suna da ƙungiya, West Africa Study Circle, da mujallarsu Cameo. Sun daɗe suna bin hatiman gidajen wayar Najeriya har na ƙananan wakilci. Ka aika musu hoton.

Safiyo: Kada ka ɓata lokaci a Google Earth, ruwa kawai za ka gani. Taswirar da aka zana kafin 1968 kake buƙata, da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. Ka tambaya a ofishin babban safiyo na tarayya. In ka samu, turo min, zan ɗora ta a kan ta yau in fitar maka da wurin.

Hajiya daga Sabuwar Bussa: Duk na karanta, kuma ban raina shawarar kowa ba, amma ni ina ganin an sa na baya a gaba. Takarda tana nan, ko baɗi ka je za ka same ta. Tsofaffin da suka san garin nan fa? Wanda yake da shekara 20 ranar tashi yau ya kusa 80. Fiye da mutum 40,000 aka tasa, kuma ba warwatsa su aka yi ba, haɗa ƙauyuka aka yi a sababbin gidajen bulo masu lanƙwasasshen rufi, da yawa suka tafi da sunan garinsu ko ya zama sunan unguwa. Mahaifiyata har ta rasu tana iya nuna saitin gidansu daga cikin jirgi, da wani dutse take ganewa. Ka fara da fadar Sarkin Yauri, a haɗa ka da hakimi, shi ya haɗa ka da dagaci. Ka tafi da goro, ka tafi da Baba in jikinsa zai ɗauka, don sunan kakanka za a gane, kai ba wanda ya san ka. Ka nemi tsofaffin mata da masunta. Cibiyar binciken kifi da ke nan garinmu ta samo asali ne daga binciken tafkin tun farkonsa, ka leƙa ɗakin karatunsu.

Ɗan Yelwa: Gaskiyar Hajiya. In garin a gaɓa yake, ka zo wajen Yuli zuwa Agusta, lokacin ruwa ya ja sosai, wani kufan yakan fito, ka ga fasassun tukwane da dutsen niƙa. Amma don Allah ban da jirgin dare, ban da jirgin da aka cika, akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa. Ku sa rigar ruwa, kuma ka tambayi lafiyar hanya kafin ku taso.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, na rasa bakin godiya. Na karanta wa Baba amsoshinku bayan isha'i. Da na zo kan maganar jaka sai ya ɗaga hannu ya ce in tsaya. Ya ce mai kantin bakin kasuwa ne ke riƙe da ita, ranar kasuwa take zuwa a jirgi, shi da yara suke rige-rigen ɗauko ta daga bakin ruwa. Na juya ambulan ɗin kamar yadda Baba na gidan waya ya ce, akwai hatimin YELWA a baya. Kuma ashe akwai 'yar ƙanwar kakana da aka aurar kafin tashi, Baba yana jin tana nan da rai a wajen Ngaski. Hajiya, ita zan fara nema. Safiyo, zan turo maka saƙo in na samo taswirar.