Waɗanda suka ga shari'ar O.J. Simpson a Amurka, ku ba mu labarin abin da jama'a suka yi

Ƙaramin Cikinku:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Tun da O.J. Simpson, tsohon shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka kuma baƙar fata, ya mutu a watan Afrilun 2024 maganarsa take ta dawowa, kuma har yau sai ka ga ana zagin wannan ana yabon wancan sai ka ce jiya aka tashi daga kotun. Ni lokacin ba a ma haife ni ba. Iyakar sanina, an kashe tsohuwar matarsa Nicole Brown da wani matashi Ron Goldman a Los Angeles a 1994, aka tuhume shi da kisan, aka yi shari'a, aka wanke shi a 1995. Don Allah kada mu shiga gardamar ya yi ko bai yi ba. Waɗanda kuke Amurka a lokacin nake tambaya: me kuka gani mutane suna yi da lauyoyin, da alƙalin, da shaidu, da dangin mamatan?

Tsohon Ɗan Tasi:
Wa alaikumus salam ɗana. A Los Angeles nake tuƙin tasi a shekarun nan, don haka bari in fara.

Ranar Juma'a ce, 17 ga Yuni 1994, ranar da aka buɗe gasar cin kofin duniya a Chicago. Mu duk hankalinmu yana kan ƙwallo. Da yamma sai rediyo ta kama cewa ga O.J. can a bayan wata farar Ford Bronco, abokinsa Al Cowlings na tuƙi, shi kuma riƙe da bindiga, motocin 'yan sanda sun jeru a baya suna binsu a hankali. Hanya ta cushe, na faka a gefe na fito. Wallahi gadar sama cike take da mutane, wasu sun yago kwali sun rubuta laƙabinsa, Juice, suna ɗagawa suna tsalle suna masa kirari. Farare da baƙaƙe duka, kada wani ya ce maka ɓangare ɗaya ne. Jiya-jiyan nan fa aka binne Nicole da Ron. Daga baya aka ce mutum kusan miliyan 95 ne suka kalli abin a talabijin.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya min a rai ba. Bayan an fara shari'a, sai baƙi suka riƙa shiga motata suna cewa in kai su Bundy, titin da gidan marigayiyar yake a unguwar Brentwood. Akwai wata mata da na ɗauko da 'ya'yanta biyu. Muna isa ta jera su a bakin ƙofar, ta gyara wa ƙaramin wuyan riga, ta miƙo min kyamara ta ce in ɗauke su, su kuma su yi murmushi. A wannan ƙofar aka tsinci gawa biyu cikin jini. Na ɗauka, aikina ne, amma hannuna rawa yake. Daga nan ta ce sai gidan cin abincin da Ron yake aiki, Mezzaluna. Maƙwabta sun sha wahalar 'yan kallo har sai da aka canza lambar gidan.

A bakin kotu kuwa kasuwa ce sosai. Riguna, huluna, agogo mai fuskar O.J., duk abin da ka sani.

Malamar Jinya:
Baba, ka tuno min abin da na jima ban tuna ba. Ni a wani asibiti nake aiki a gabashin ƙasar. Ranar 3 ga Oktoba 1995 za a karanta hukunci da ƙarfe goma na safe a Kalifoniya, mu a wajenmu ƙarfe ɗaya na rana. Tun jiya an sanar, saboda masu taya alƙali yanke hukunci ko awa huɗu ba su yi ba suka gama shawara. Duk wanda bai da majinyaci a hannu ya taru a ɗakin hutu, har da likitoci da masu shara.

Magatakardar kotu tana furta cewa ba shi da laifi, ɗakin ya rabu biyu a gabana. Wasu suka yi kururuwa suka rungume juna, wasu suka dafe baki. Ta cikin talabijin kana jiyo kukan Kim Goldman, ƙanwar Ron, mahaifinsu Fred ya riƙe ta. Wata abokiyar aikina da ke tsaye kusa da ni, baƙar fata ce ita ma, ba ta ce uffan ba. Ta ajiye kofin da ke hannunta ta fita. Na bi ta na same ta a ɗakin ajiyar kaya tana jera ledojin ruwan ƙari da tuni a jere suke. Ni na san abin da sauran ba su sani ba, don na taɓa yi mata ɗinki a gira da daddare, ta ce min ƙofa ce ta buge ta.

Shi ya sa idan aka ce abin fari da baƙi ne kawai, ba na yarda. Nicole ta kira 'yan sanda ba sau ɗaya ba. A 1989 an gurfanar da shi kan dukanta, bai musa ba. An saka muryarta ta 1993 tana roƙon a turo mata 'yan sanda, duk ƙasar ta ji. Hotunan fuskarta a kumbure ta ɓoye su a akwatin ajiya na banki. Duk da haka da kunnena na ji mata 'yan uwanta suna cewa ai kuɗinsa ta bi, ai 'yar shagali ce. Matar tana kabari ana yi mata shari'ar da ba za ta iya tashi ta kare kanta ba.

Tsohon Ɗalibi:
Hajiya, ban ƙi maganarki ba ko kaɗan, amma bari in faɗi ta waɗanda suka yi murna, don da ɗayansu nake kwana ɗaki ɗaya a jami'a.

Shi ɗan Los Angeles ne. Yana makarantar sakandare aka nuna bidiyon 'yan sanda suna jibgar wani baƙar fata mai suna Rodney King a 1991, ya kuma ga yadda aka wanke su a Afrilun 1992, gari ya kama da wuta, mutum sama da 60 suka mutu. To ka zo ka ce wa wannan yaron ya yarda da shaidar 'yan sandan garin. Ga kuma Mark Fuhrman, jami'in da ya ce shi ya tsinci safar hannu mai jini a gidan O.J. Ya rantse a kotu cewa shekara goma rabonsa da furta kalmar nan ta cin mutuncin baƙaƙe, sai ga kaset ya fito ana jin yana ta zuba ta. Da aka dawo da shi aka tambaye shi ko ya dasa shaida, sai ya fake da 'yancinsa na yin shiru. A 1996 ma an same shi da laifin rantsuwar ƙarya.

Ranar hukunci abokin nan nawa ya hau kan gado yana ihu. Da dare na ce masa, kai tsakaninka da Allah, kana ganin mutumin nan bai yi ba? Ya yi shiru, can ya ce shi ba O.J. yake wa murna ba, O.J. bai san da zaman irinsu ba tun da ya koma cikin attajirai. Murnarsa ita ce yau an ƙaryata 'yan sanda a gaban duniya. Na ce to mamatan fa? Ya juya min baya ya ja bargo.

Wanda na fi tausayawa shi ne Christopher Darden, baƙar fatan da ke cikin masu gabatar da ƙara. A wajen ɗalibai baƙaƙe sunansa maci amana. A wajen farare kuma shi ne wawan da ya sa O.J. gwada safar hannu a gaban kotu ta ƙi shiga, har Johnnie Cochran, lauyan O.J., ya samu abin yi wa waƙa a jawabinsa na ƙarshe. Ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. Cochran kuwa, a wani ɗakin gwarzo ne, a ɗakin da ke kusa da shi shaiɗan.

Mu 'yan Afirka kowa so yake ya ji bakinmu. Farare su ja ka gefe su ce ai kai ba irinsu ba ne, faɗi gaskiya. Baƙaƙe su ce ɗan uwa, kana tare da mu ko? Na koyi cewa ina da karatu.

Uwar Biyu:
Ni ƙarama ce lokacin, abin da na riƙe kawai shi ne masu rawa da aka yi wa gemu da rigar alƙali a shirin barkwancin Jay Leno, wai su ne Alƙali Lance Ito. Gidanmu ana ta dariya. Sai da na girma na gane shari'ar kisan kai ce ake wa wannan.

Lauya Mai Ritaya:
'Yar uwa, ai har Kato Kaelin, wanda yake zaune a ɗakin baƙi na gidan O.J., sai da ya zama tauraro. Bai yi komai ba illa ya ji ƙara a bango da daddare ya zo ya faɗa a kotu.

Ni ina karatun lauya ne a lokacin, kuma Marcia Clark nake kallo, don ita ce macen da ke jagorantar masu gabatar da ƙara. Abin da aka yi wa matar nan ba shi da kyan faɗi. Ta canza gyaran gashi, jaridu suka yi mata ca. Tufafinta, muryarta, yadda take ɗaure fuska, kowanne sai da aka yi sharhi a kai. Wata jaridar tsegumi ta samo tsohon hotonta na bakin teku ba riga ta buga. Tana tsaka da shari'ar tsohon mijinta ya kai ta ƙara kan riƙon 'ya'ya, wai aiki ya hana ta kula da su, wannan ma ya zama abin hira a gari. A ajinmu wani malami ya tambaye mu kuskuren masu gabatar da ƙara, wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce gashin Marcia. Aka fashe da dariya har da malamin. Mu mata da ke ajin muka kalli juna. Ba wanda ya taɓa tsayawa kan sanƙon wani lauya namiji a shari'ar.

Ba ina cewa ba ta yi kuskure ba. Sun dogara da Fuhrman fiye da kima, kuma Barry Scheck, ɗaya daga cikin lauyoyin O.J., ya yi kaca-kaca da yadda aka tattara jinin da aka yi wa gwajin DNA. Wannan suka ce ta aiki, ta halatta. Amma ba ita jama'a suka riƙe ba.

Abin dariya, a 2016 da aka mayar da shari'ar wasan talabijin, sai ga mutanen da suka zage ta suna cewa an zalunce ta. Wadda ta fito a matsayinta ta tafi da ita bikin ba da kyaututtuka, ta ba ta haƙuri a bainar jama'a. Sai da aka nuna musu 'yar wasa tana kuka sannan suka yarda ta gaskiyar ma tana da zuciya.

Tsohon Ɗan Tasi:
Hajiya Lauya, ki ƙara da Fred Goldman. Da farko kowa na tausayinsa. Da suka kai ƙarar neman diyya, kotun Santa Monica ta ɗora wa O.J. alhakin mutuwar a Fabrairun 1997 ta ce ya biya iyalan dala miliyan 33.5, sai na fara jin fasinjoji suna cewa tsohon nan kuɗi yake nema, ya bar maganar mana haka. Mutumin da aka yanka masa ɗa ɗan shekara 25, wanda laifinsa kawai ya kai tabarau da mahaifiyar Nicole ta manta a wurin cin abinci. Kuma kuɗin ma ɗan kaɗan ne ya shiga hannunsu. Ni ban taɓa iya yin shiru ba idan aka faɗi wannan a motata, ko da zai ja min asarar ɗan abin da ake ƙara wa direba.

Ƙaramin Cikinku:
Na gode ƙwarai iyayena. Saura masu taya alƙalin, su yaya aka yi da su?

Tsohon Ɗalibi:
Su goma sha biyu ne, mata goma maza biyu, tara baƙaƙe. An killace su a otal fiye da wata takwas, ba jarida, talabijin ma sai wanda aka tace, iyali sai ranar ziyara. Suna fitowa aka tare su da cewa jahilai ne, ba su fahimci kimiyya ba, ƙabilanci suka yi. Ɗaya daga cikin mazan ya ɗaga wa O.J. dunƙulallen hannu yana fita, wannan ya ƙara wa wutar fetur. Bayan shekaru wata a cikinsu ta fito ta ce ramuwar Rodney King ce, wasu kuma suka tsaya kan cewa masu gabatar da ƙara ne suka kasa kawar musu da shakka.

Malamar Jinya:
Malam, kuma da aka same shi da laifin fashi a Las Vegas ranar 3 ga Oktoba 2008, shekara 13 cif da wancan hukuncin, daga baya aka yanke masa shekara 33, a asibitinmu ko mai ɗaga kai ya kalli talabijin babu. Waɗanda suka rungume juna a 1995 wasunsu suna nan, na tambayi ɗaya, ta ce ai shi ya jiyo. An yi masa sakin talala a 2017. Abokiyar aikin nan tawa kuwa ta rabu da mijin tun kafin nan, ta koma wata jiha, muna gaisawa a waya lokaci-lokaci. Da ya mutu na kira ta, muka yi hirar jikokinta, ba wadda ta ɗauko zancen.