Ta yaya John H. Johnson ya kafa kamfaninsa?

Ɗalibar Jarida: Assalamu alaikum. Ina neman bayani kan yadda wannan baƙar fatar Amurka ya kafa kamfanin mujallu a Chicago, alhali wariyar launin fata tana ganiyarta.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. A 1942 ya jinginar da kayan ɗakin mahaifiyarsa, ya karɓi rancen dala 500, ya fara buga Negro Digest, sannan Ebony ta biyo baya a 1945.

Tsohon Edita: Gaskiya ne, Malam, amma a ganina babban aikinsa shi ne mujallar Jet, wadda a 1955 ta buga hoton gawar Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka yi wa kisan gilla a Mississippi, hoton da ya girgiza zukatan jama'a matuƙa.