In kokawa ta kaure tsakanin ɗan sanda da wanda ake zargi, yaushe harbi ya halatta?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana shari'a da masu horar da jami'an tsaro da ke cikinmu. Ɗan sanda ya zo kama mutum, mutumin ya turje, suka sarƙe da kokawa har suka kai ƙasa. Mutumin ba wuƙa ba bindiga, hannunsa ne kawai. Sai jami'in ya zaro bindiga ya harbe shi, ya ce tsoro ya ji kada a ƙwace masa ita. Wasu na cewa duk wanda ya ɗaga wa jami'i hannu shi ya ja wa kansa. Wasu kuma na cewa mara makami ba a harbinsa ko me ya yi. Wanne doka ta yarda da shi? Kuma me ya hana a harbe shi a ƙafa, ko a sa masa Taser, wato na'urar da ke sandarar da mutum da lantarki?

Ɗalibin Shari'a:

Wa'alaikumus salam, Malam. Duka maganganun biyu ba haka doka ta ce ba. Ma'aunin da duniya ta fi dogara da shi yana cikin ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Havana na ƙasar Cuba a 1990. Ƙa'ida ta 9 ta ce harbi da niyyar kisa bai halatta ba sai in babu makawa, kuma don a ceci rai. Abin da ake nema shi ne barazanar mutuwa ko mummunan rauni wadda ke gab da aukuwa. Zagi, turjiya, fizge hannu daga ankwa, ko naushi ɗaya, duk laifi ne da kotu za ta hukunta, amma ba su kai wannan matsayin ba. Ƙa'ida ta 10 kuma ta wajabta wa jami'i ya bayyana kansa, ya yi gargaɗi, ya ba da lokacin da za a bi gargaɗin, sai dai in yin hakan zai jefa rai cikin haɗari.

Amma rashin makami ba ya rufe magana. Wanda ya danne jami'i yana buga kansa da kwalta, ko ya shaƙe shi har numfashi ya fara ɗaukewa, ko ya damƙi bindigar yana ja, barazanar kisa yake yi ko da hannunsa babu komai.

A Amurka shari'u biyu ne ginshiƙi. A 1985 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan batun kisan Edward Garner, yaro ɗan shekara 15 da ɗan sanda ya harbe a Memphis yana haura shinge don ya gudu. Kotun ta ce gudu kaɗai ba hujjar kisa ba ne, sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa mai gudun babban haɗari ne ga rayuka. A 1989 kuma, a shari'ar Graham da Connor, ta ce a auna abin da idon jami'i mai hankali da ke wurin a lokacin, ba da sanin da aka samu daga baya ba, a duba girman laifin, da ko akwai barazana nan take, da ko mutumin na turjiya. Lura da wannan: ba tsoron jami'in ake aunawa ba, dalilin tsoron ake aunawa.

Malamin Horo:

Bari in ɗauki ɓangaren aikin hannu. Duk kokawar da ɗan sanda ya shiga, akwai bindiga a cikinta, tasa. Shi ya sa ake koyar da tsare ta kamar yadda ake koyar da harba ta. Jami'i zai tsaya a karkace, ɓangaren bindigar na baya, da tazarar da hannu ba zai kai ba. In aka cafki bindigar tana kube, matakin farko shi ne ya danne hannun mai jan a kanta da ƙarfi don kada ta fito, ya rage tsawo, ya juya ƙugu da sauri don ya karya riƙon, sannan ya ja da baya ya buɗe tazara. Kuben zamani na da makulli biyu ko uku da sai an danna da yatsa a jere kafin bindiga ta fita, kuma ba a jan ta ta kowace kusurwa. Babban kuskure shi ne jami'i ya zaro bindiga tun ana riƙe da juna. Ya bar kansa da hannu ɗaya, ya kuma miƙa wa abokin kokawarsa abin da dā yake kulle. Daga nan sai a ce ba makawa, alhali shi ya kawo rashin makawar.

Batun ƙafa kuwa, ɗan'uwa, ba ya aiki yadda ake zato. Ƙafa siririya ce, tana motsi, hannun mai harbi na rawa, harsashin da ya kuskure kuma sai ya sami wani. In ma ya samu, akwai babbar jijiyar jini a cinya, in ta tsinke mutum kan mutu cikin 'yan mintuna. Don haka duk harbi ana lissafa shi a matsayin ƙarfin da kan iya kisa. In yanayi bai kai a kashe ba, to bai kai a yi harbi ba sam.

Taser na harba ƙugiyoyi biyu masu waya, dole duka biyun su kama jiki, kuma su yi nisa da juna kafin tsoka ta sandare na daƙiƙa biyar. A kusa-kusa ƙugiyoyin kan faɗa wuri guda, sai zafi kawai ba sandarewa, riga mai kauri ma kan hana ta. Feshin barkono a cikin kokawa yana shiga idon mai fesawa kamar yadda yake shiga na wanda aka fesa wa. Ga kuma rikita makami: a Afrilun 2021 a jihar Minnesota ta Amurka, jami'a Kim Potter mai shekara 26 a bakin aiki ta yi ihun "Taser" amma bindiga ta zaro, ta kashe Daunte Wright, kotu kuma ta same ta da laifin kisa ba da niyya ba. Dalilin da ya sa ake rataye Taser a ɓangaren da ba na bindiga ba ke nan, kuma dole a maimaita zaro ta har jiki ya saba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya Mai Kare Haƙƙi:

Malamin Horo, na yarda da bayaninka, amma inda muke yawan saɓawa da 'yan sanda shi ne daga ina za a fara ƙirga lokaci. In daƙiƙa biyun ƙarshe kawai za a duba, kusan kowane harbi zai fito da hujja. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yaya aka kai ga waɗannan daƙiƙun. Me ya sa jami'i ɗaya ya sa hannu bai jira ƙarin abokan aiki ba? Laifin ya kai a yi kamun nan take, ko sammaci ya isa?

Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta kama wannan tun 1995, a shari'ar McCann, kan mutum uku 'yan IRA, ƙungiyar masu ɗauke da makamai ta Ireland, da sojojin Birtaniya suka harbe a Gibraltar a 1988. Kotun ta karɓi cewa sojojin sun gaskata akwai bam, amma ta kama gwamnati da laifin tauye haƙƙin rayuwa saboda yadda aka tsara aikin. A Mayun 2025 Kotun Ƙolin Amurka ma, a shari'ar Barnes da Felix, ta ce baki ɗaya ba za a taƙaita dubawa ga lokacin barazanar kawai ba. A wannan shari'ar, jami'in ya ɗare bakin ƙofar mota tana tashi, sannan ya yi harbi, a kan tsayarwar da asalinta kuɗin hanya ne da ba a biya ba. Kotun ba ta yanke cewa ya yi laifi ba, ta dai ce a duba lamarin tun daga farkonsa.

Sannan kada mu manta ba bindiga kaɗai ke kisa ba. Eric Garner a 2014 da George Floyd a 2020, waɗanda suka mutu a hannun 'yan sandan Amurka, ba a harbe su ba. Mutumin da aka kifa ruf da ciki, hannu a baya, aka ɗora masa nauyi a wuya ko gadon baya, ƙirjinsa ba ya iya buɗewa. Sai ya yi ta mutsu-mutsu don neman iska, jami'i ya ɗauka turjiya ce ya ƙara dannawa. Da zarar ankwa ta shiga, a juya shi gefe ko a zaunar da shi. Kuma iya magana ba shaidar isasshen numfashi ba ne.

Malamin Horo:

Hajiya, gaskiyarki a kan tsari, shi ya sa horon yanzu ke nanata tazara da mafaka da jan lokaci. Har gwajin Dennis Tueller na 1983, wanda ya nuna mai wuƙa na iya cin tazarar ƙafa 21, wato kamar mita shida da rabi, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, an daɗe ana yi masa mummunar fahimta. Gargaɗi ne a ja da baya tun da wuri, ba lasisin harbin duk wanda ya matso ba. Sai dai ina roƙon a raba abu biyu. Jami'in da ya yi kuskuren dabara a hukunta shi a kan kuskuren, amma in har an kai ga hannun wani na kan bindigarsa tana fita, bai rasa haƙƙin kare ransa ba.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai. To in jami'i ya ce an ja masa bindiga, shi kuma mutumin ya mutu, ta yaya za a gane gaskiya?

Ɗalibin Shari'a:

Da shaidar da ba ta dogara da bakinsa ba. A karɓi bindigar da kuben nan take a rufe, a nemi ƙwayar halitta (DNA) da zanen yatsa a kansu, a ƙirga harsasan da suka rage. Binciken gawa zai nuna ta inda harsashi ya shiga, gaba ko baya, burbushin albarushi a fata kuma zai nuna kusancin harbin. A raba jami'an da ke wurin kafin su ba da bayani, a adana hoton kyamarar jiki tun daga farkon haɗuwar, kuma hukumar da ba ta 'yan sandan ba ta riƙe binciken. A batun Michael Brown, matashin da ɗan sanda ya harbe har lahira a garin Ferguson na Amurka a 2014, samun ƙwayar halittarsa a jikin bindigar jami'in da raunin harbin kusa a hannunsa na cikin abin da Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta dogara da shi a Maris 2015 ta ƙi gurfanar da jami'in, duk da cewa a rana guda ta fitar da wani rahoto da ya kama rundunar garin da nuna wariya. Kowane harsashi kuma da hujjarsa: na farko na iya halatta, na biyar ya zama laifi in mutumin ya riga ya saki ko ya faɗi. A duba har abin da ya biyo bayan harbin, don Ƙa'ida ta 5 ta wajabta gaggauta ba da agajin likita da sanar da dangi, kuma mintunan da aka ɓata kafin a danne jini ko a kira motar asibiti suna shiga cikin tuhuma.