Taƙaitawa: sarrafa kurakurai a laburaren rajistar kwantena

Ga abin da na tattaro daga bitar da aka yi wa wannan laburare, wanda aka rubuta da yaren shirye-shiryen kwamfuta na Go. Rajistar kwantena ita ce sabar da ake ajiye kwantenonin manhaja a kuma sauke su daga can.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A daina dunƙule kowace matsala cikin "an kasa". Lambar amsar HTTP 401 na nufin a nemo sabon token (shaidar izinin shiga) daga adireshin da ke cikin kan amsar mai suna WWW-Authenticate, 404 kuwa abin ne babu shi.
2. A karanta jikin amsar. Ƙa'idar OCI (Open Container Initiative, mai tsara ƙa'idojin kwantena) ta tanadi lambobin kuskure irin su MANIFEST_UNKNOWN da BLOB_UNKNOWN. A miƙa su ga manhajar da ta kira laburaren, a naɗe kuskuren da %w (alamar Go ta saka kuskure cikin wani) domin errors.As, mai tantance nau'in kuskure, ya gane shi.
3. Token kada ya shiga log ko kusa.
4. In sha256 (lambar tantance ingancin fayil) bai dace ba, a watsar da abin da aka sauke.

Sake gwadawa ne ya raba kawuna. Wasu suna son laburaren ya sake da kansa a kan 429 (buƙatu sun yi yawa) da 503 (saba ba ta samuwa), yana bin Retry-After, wato lokacin jiran da sabar ta faɗa. Wasu suka ce hakan zai ɓoye iyakar yawan buƙatu da rajistar Docker Hub ke sawa, aiki ya tsaya ba a san dalili ba. Ni dai na fi karkata ga na biyun, musamman wajen tura kwantena zuwa rajista.