Musayar Waƙa: Nijar Ta Bar ECOWAS, Mu Na Bakin Iyaka Fa?

Dillalin Kara, Maigatari:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Jiya Alhamis musu ya kaure a kara tsakanina da wani maigidana mai kawo raƙuma, kan ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Shi murna yake, ni ko da abin na kwana. Mai amsa ya amsa da waƙa, ban da zagi.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
Zan koka a kan batun iyaka.

A 1975 aka kafa ECOWAS a Legas,
Gowon da Eyadema suka yi fafutuka.

Kwana 90 kana zaune ba biza,
Kati kawai, ka wuce da kayanka.

Janairun 2024 suka ce sun tafi,
Shekara na zagayowa aka yanke dangantaka.

Ƙasashe 15 sun koma 12,
Uku sun naɗe buzu, sun bar mana bukka.

Da raƙumi da sa nake ci da iyali,
Daga ƙasar Damagaram suke sauka.

In gobe aka ce haraji ya ƙaru,
La'adar dillali ce za ta sha duka.

Ɗan Dungas:
Maigida dillali, na ji kokenka,
Amma tushen zancen ne ka manta.

Soja suka ture Shugaba Bazoum a Yulin 2023,
Sedeyawo, wato ECOWAS, ta ce mu talakawa za a hukunta.

Aka garƙame iyaka, aka riƙe kuɗi,
Najeriya kuma ta yanke mana wuta.

Yamai cikin duhu, magani ya yi wuya,
Mai jego da jinjiri su aka cuta.

Buhun shinkafa ya gagari magidanci,
Albasata ta ruɓe a cikin mota.

Wa'adin mako guda, in ba haka ba yaƙi,
Kai ka harbi kawunka, ni in harbi gwaggota?

Gidan da aka kulle ka a ciki da yunwa,
Ran da ka ga ƙofa dole ka fita.

Malamin Firamare, Gumel:
Ɗan'uwa na Dungas, ban musa maka ba,
Takunkumin nan ya zalunce ku, gaskiya.

Malamanmu sun taka har Yamai,
Majalisar Dattawa ta ce yaƙi a ja baya.

An janye takunkumi a Fabrairun 2024,
A Maris Najeriya ta buɗe hanya.

Tambayata guda ce: wa aka shawarta?
A talabijin aka karanta, ba a ji taku murya.

Ran 23 ga Yuni, 2016,
Aka ba kowa ƙuri'a a Birtaniya.

Kashi 52 suka ce a bar Tarayyar Turai,
Kashi 48 suka ce a zauna lafiya.

Sai Janairun 2020 suka kammala fita,
Har yau suna musu, wasu na son a juya.

Su ga teku a ƙofar gida, ku babu,
Kayanku sai sun ratsa ƙasar maƙwabciya.

Ɗan Dungas:
Malam, ba akwati, amma ka ga titi,
Maza da mata, ba wanda aka tilasta.

Disambar 2023 sojan Faransa suka kwashe,
Ranar na ji ƙasata ta zama ƙasata.

Malamin Firamare, Gumel:
Taron titi ba ya ƙirga na cikin ɗaki,
Wanda ya ƙi, a ina zai ɗaga murya?

Inna ta Sule Tankarkar:
Jikata ce ke rubuta mini, ni faɗa nake.

'Ya'yana, kun cika ni da lissafi,
Bari in faɗa muku abin da ke raina.

'Yata ta fari a Dungas take aure,
Can ma aka binne cibiyar kakana.

Ta haihu ana tsakar rufe iyaka,
Na ƙulle kanwa da yaji a zanena.

Da asuba ɗan acaɓa ya bi da ni daji,
Yashi ya kayar da mu, na fasa goshina.

Muka tura babur cikin ƙaya da rairayi,
Ƙarangiya ta cika gefen mayafina.

Tafiyar da ake yi kafin hantsi,
Sai la'asar sakaliya na ga jikana.

Na shiga da guɗa, gida ya yi tsit,
An watse, an riga an raɗa suna.

Yanzu an ce AES, ƙawancen ƙasashen uku, ta yi nata fasfo,
Ni ko katin zaɓe ne kaɗai a hannuna.

Malam, kai da ka yi boko, gaya mini,
Yaron nan baƙo ne ko ɗan gidana?

Malamin Firamare, Gumel:
Sannu Inna, Allah ya raya shi.

Ran 29 ga Janairun 2025, ranar rabuwa,
ECOWAS ta ce ba biza, a ci gaba da tafiya.

AES ma tun Disamba ta faɗi haka,
Ɗan yankin ya shigo, ya fita lafiya.

Sai dai ECOWAS ta ce kafin wata sanarwa,
Kalmar nan ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Dillalin Kara, Maigatari:
Nan ne ƙayar ta soke ni, Malam,
Fatake ba sa ɗaura kaya a kan shakka.

Ɗan Dungas, ban yarda da fitar ba har yanzu,
Amma albasar nan, na ji zafin asararka.

Alhamis ka neme ni a layin raƙuma,
Ka sha fura kafin ka loda buhunanka.

Inna, ki aiko da ƙullin yajin 'yarki,
Ɗan'uwa, ka sauke mata shi a motarka.