Kalma ɗaya ta hargitsa zaure

Ɗan Katako: Salamu alaikum. Ni fa na gaji. Kwana biyu ina fama a kan Debian, tsarin Linux ɗin da ke mashin ɗinmu: na jawo manhaja daga git, ma'ajiyar kod, na cika fayil ɗin bayaninta debian/control, na ɗaure ta .deb, ƙunshin da Debian ke girkawa, da dpkg-buildpackage. Sai wani ya biyo bayana ya buga make install a mashin ɗin, wato ya girka ta kai tsaye ba tare da ya ɗaure ta ba. Yanzu guda biyu ne, nawa a /usr/bin, nasa a /usr/local/bin, kuma nasa ke tashi tunda shi ake fara dubawa. dpkg, mai riƙe da lissafin ƙunshin da aka girka, bai ma san da zamansa ba, balle apt, mai sakawa da cirewa, ya cire shi. Make install kasala ce, wanda ya ji haushi da shi nake.

Na Tawa: Kasala? Yaya, a auna magana. Kai kana Yamai, wifin ofis na kaɗa maka. Ni apt build-dep kaɗai, mai sauko da kayan haɗa manhajar, ya lashe mini mega na jika guda, ana cikin yi aka ɗauke kuran.

Malam Babba: Kasala daban, rashin hali daban. Mai kasala shi ne yana da shi ya ƙi yi.

Ɗan Katako: Malam, ban ce rago ba ai.

Na Tawa: To mene ne bambancin?

Uwar Biyu: A garinmu an fi cewa ƙiwa.

Na Tawa: Hajiya, ƙiwa ta jaki ce!

Auta: Ku da kun bar Debian kun koma Arch Linux, fayil ɗin PKGBUILD ɗaya da umarnin makepkg, an wuce wurin.

Malam Babba: Yaro, Debian tun 1993 take, ba a haife ka ba. Kai da duk sati mashinka ke kwance.

Auta: Sau ɗaya ne, Baba.

Uwar Biyu: Af, Ɗan Katako, ina kile ɗina da ka ara tun azumi? Wannan kuma me sunanta?

Ɗan Katako: Hajiya, wannan ta bayan fage ce.

Na Tawa: A'a, a faɗa nan. Mai kiran mutane da kasala.

Malam Babba: To ya isa, ni ke riƙe da zauren nan. Abin da aka tsayar: kowa ya yarda Debian ce uwa, Auta ma bai musa shekarunta ba. Na Tawa ya amsa cewa matsalarsa mega ce. Ɗan Katako ya mayar da kile kafin Juma'a. Na rufe.

Na Tawa: Yaushe na amsa?