Abin da muka tsinta a hira kan Sam Cooke

Jiya muka zauna hira, wani ƙanenmu mai son waƙa ya tambaya ta ina zai fara sauraron Sam Cooke, mawaƙin Amurka, ga abin da aka ce masa a taƙaice.

Kusan kowa cewa ya yi a fara da waƙoƙinsa na coci tukunna, lokacin yana ƙungiyar mawaƙan coci ta Soul Stirrers, don can muryar ta gogu, ɗan fasto ne ai, a Chicago ya tashi. Sai a zo kan You Send Me ta 1957 a ji yadda ya ɗauko salon coci ya zuba a waƙar soyayya, da farko ma ɓoyewa ya yi da sunan Dale Cook amma muryar ta tona masa asiri.

Yayanmu kuwa kan kuɗi ya nace, ya ce ƙanena duba yadda Sam Cooke ya kafa kamfaninsa na faifan waƙa mai suna SAR ya riƙe haƙƙin waƙoƙinsa a zamanin da ake cutar mawaƙa baƙar fata a Amurka. Ni dai wannan ta fi shiga raina.

Waƙarsa A Change Is Gonna Come aka ce a bar ta sai ƙarshe, ta 1964 ce, shekarar da aka harbe shi a Los Angeles yana ɗan shekara 33.